Tsohon Ginin Kwalejin Katsina: Ɗakunan Jar Ƙasa Da Suka Yaye Malaman Midil

 

Da yawanmu a ƙaramar sakandare muka fara cin karo da Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar, wasu a kan benci, wasu a zaune a ƙasa, littafi ɗaya mutum uku na leƙawa. Mun haddace sunayen marubutan saboda jarrabawa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar a wane irin ɗaki waɗannan mutane suka zauna har hannunsu ya faɗa da rubutun boko. Ɗakin yana nan tsaye a birnin Katsina. Shi ne tsohon ginin Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, ginin jar ƙasa wanda yanzu ya haura shekara ɗari. A kansa za mu tsaya yau, domin wanda ya bi tarihinsa zai ga inda makarantun Midil suka samo malamansu, kuma Midil ita ce kakar ƙaramar sakandaren da muka yi.

KAFIN A AZA TUBALI

Ilimi ya daɗe a Katsina kafin zuwan Turawa. Hasumiyar Gobarau tana nan tun wajajen ƙarni na 15, kuma a ƙarshen wannan ƙarni Shehu Magili ya zauna a garin yana karantarwa. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Akwai kuma Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka da Turawan Ingila suka shigo a 1903, sun tarar da gari mai malamai da zaurukan karatu da rubutun ajami.

Abin da ya dami Turawan shi ne ma'aikata. Sun ci ƙasa mai faɗi, ba su da masu rubuta musu haraji da lissafin baitulmali da boko, kuma sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su tsoma baki cikin addini ba, don haka ba su sakar wa 'yan mishan mara a masarautun Musulmi ba. Sai gwamnati ta buɗe tata makarantar. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fara koyarwa a Nasarawa ta Kano, da Hausa, yana haɗa 'ya'yan sarakuna da malamai daga larduna daban-daban. Daga nan aka riƙa buɗe makarantun lardi a manyan garuruwa. Sai wata matsalar ta ɓullo: makarantu suna ƙaruwa, amma babu ƙwararrun malamai 'yan ƙasa da za su riƙe su, musamman masu iya koyar da Turanci da lissafi. Wannan giɓi ne ya haifar da Kwalejin Katsina.

Me ya sa Katsina? Sunan garin a fagen ilimi dalili ne. Sarki ma dalili ne. Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya zauna har 1944, mutum ne mai son ganin sabon abu da idonsa. A 1921 ya tafi aikin Hajji ta Ingila, abin da wani sarki mai ci a Arewa bai taɓa yi ba kafinsa. Masu nazarin tarihi suna ƙarawa da dalili na uku: jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911 da 'yan kasuwa da akawuna da jaridun Legas, amma bai shiga birnin Katsina ba. Turawan da ba sa son ɗalibansu su sha iskar siyasar kudu sun ga Katsina a matsayin wuri mai natsuwa, nesa da wannan hayaniya.

An fara karatu a 1921. Ranar 5 ga Maris 1922 Gwamnan Nijeriya, Sir Hugh Clifford, ya zo da kansa ya buɗe makarantar. A jawabinsa ya fito fili cewa an gina ta ne don samari Musulmi, 'ya'yan gidajen mutunci, waɗanda za su koma garuruwansu su koyar, su kuma ci gaba da girmama sarakunansu da al'adunsu. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

GININ KANSA

Ba a yi odar siminti ko kwano daga Ingila ba. An yi ginin da abin da ke ƙarƙashin ƙafar mutanen garin, wato jar ƙasa, da hannun magina irin waɗanda ke gina soraye da masallatai. Ya kamata mu san yadda ake irin wannan gini, domin yawancinmu mun tashi a gidan bulo, kalmomin sana'ar suna neman ɓace mana.

Ana haƙo ƙasa a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakawa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana har ya bushe. Magini yana zaune a kan bango, yara na jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana jerawa yana cikewa da kwaɓi. Bango yakan yi kauri sosai a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan kauri shi ke sa ɗaki ya yi sanyi da rana tsaka, ya riƙe ɗumi da daren hunturu, ba fanka ba lantarki.

Rufi kuwa na azara ne, wato giginyar da aka tsaga, wadda gara ba ta cika cinta ba. Ita azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ya wuce kamar mita 2, shi ya sa ɗakunan gidajenmu na da suke ƙanana. In ana son babban ɗaki, irin na fada ko masallaci ko aji, sai gwani ya nuna gwanintarsa: ko ya kafa ginshiƙai, ko ya ɗaura bakan gizo, ya riƙa jera azara tana ɗan leƙowa daga bango biyu har su haɗu a sama. A kan azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a dandaɓe. Sannan a sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango, a shafe jikin ginin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko a yi laso a wuraren da ruwa ya fi duka.

Irin wannan gini yana da sharaɗi guda: ba a mantawa da shi. Duk shekara kafin damina sai an hau rufi an toshe tsaga, an gyara indararo, an sake yaɓe inda ya zaizaye. In aka yi sakaci damina biyu ko uku, ruwa zai sami hanya ya shiga cikin bango, azara ta ruɓe, rufi ya rufto. Don haka duk ginin ƙasar da muka ga ya shekara ɗari, mu sani akwai mutanen da ba mu san sunansu ba da suka yi ta hawa kansa da kwaɓi shekara bayan shekara.

Har wasa ma sai da ya bi hukuncin ƙasar. Wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo wasan fayif, wanda ake buga ƙwallo da hannu a jikin bango, irin na makarantar Eton ta Ingila. Ƙwallon Turawa mai tauri ce, tana ɓantarar bangon ƙasa, sai aka koma bugawa da ƙwallon tanis. Haka wasan ya zauna a Arewa, ana yin sa da ƙwallon tanis, kuma har yau akwai kofin da ake kira da sunan Sardauna, wanda ya ƙaunaci wasan tun yana ɗalibi.

WAƊANDA SUKA ZAUNA A CIKI

Karatun shekara biyar ne, da Turanci, kuma ana matsa wa ɗalibai a kan furuci da tsabtar harshe. Ana zaɓo su kaɗan-kaɗan daga kowane lardi. Wasu tafiyar kwanaki suke yi a ƙafa kafin su iso, da ɗan akwati a ka.

Kashim Ibrahim ya zo daga Borno a 1925 ya gama a 1929. Shi ne ya zama Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Ahmadu Bello ya zo daga Sakkwato a 1926 ya gama a 1931. Abubakar Imam ya shiga a 1927 ya fita a 1932. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga Bauci a 1928 ya gama a 1933. Sa'adu Zungur ma ya ratsa ta nan kafin ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Legas a 1934. Akwai Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita, da Sulaimanu Barau wanda ya zama Sarkin Abuja. A cikin malamai 'yan ƙasa akwai Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda shi kansa ɗalibin Ɗan Hausa ne a Nasarawa, daga baya ya zama Walin Katsina.

A wajajen 1930 aka sake fasalin ilimi a Nijeriya, aka tsara shi hawa-hawa: elementare, sannan Midil, sannan babbar kwaleji. Makarantun lardi suka koma makarantun Midil. Yaro yakan gama elementare a garinsu, in ya yi ƙoƙari a kai shi Midil a babban birnin lardi, ya zauna a makarantar kwana yana ɗan shekara goma sha, kamar dai shekarun 'yan ƙaramar sakandare na yanzu. Waɗanda suka fito daga Katsina su ne suka riƙe waɗannan azuzuwa. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, kafin a naɗa shi hakimin Raba. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama shugabanta. Makaman Bida ya shugabanci ta Bida. Abubakar Imam kuwa bai yi nisa ba, aka tura shi Midil ta Katsina yana koyar da Turanci.

Nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Yara sun iya karatun boko da Hausa, amma babu abin karantawa sai littattafan aji da fassara. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zagaya garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri, aka fara buga su a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Uku na farko duk 'yan wannan gini ne, biyu ɗalibai ɗaya malami. Imam yana da shekara 22 lokacin, Ɓalewa 21. Malaman makaranta ne masu gyaran littattafan yara da rana, ba su da wani ƙagaggen labarin Hausa na boko da za su duba su kwaikwaya. Sun ɗebo daga tatsuniya, da labaran Larabci, da tarihin yaƙe-yaƙe da cinikin bayi da suka ji a bakin manya.

A 1936 aka ɗauko Imam daga aji aka kai shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa. Duk wanda ke rubuta labari da Hausar boko yau, a takarda ko a waya, yana bin hanyar da ta ratsa ta ƙofar wannan gini.

WAƊANDA AKA BARI A WAJE

Mu koma kan jawabin Clifford. Ƙofar makarantar ƙunci gare ta, kuma da gangan aka yi ta haka. Mace ko ɗaya ba ta zauna a waɗannan azuzuwa ba. Sai a wajajen 1930 aka fara ƙananan makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, kwalejin horar da malamai mata kuwa sai 1939 aka buɗe ta a Sakkwato. Ɗan Arewa Kirista ma ba da shi aka yi ba. Barau Dikko na Wusasa, wanda ya zama likita na farko ɗan Arewa, sai da ya tafi King's College ta Legas, sannan Birmingham a Ingila. Ɗan talaka kuwa yakan shiga ne in ya yi sa'ar wani hakimi ya tura shi, wani lokaci ma don hakimin ya ɓoye ɗansa na cikinsa daga karatun da ake tsoron zai lalata addinin yaro.

Sannan ga ƙarancin adadi. Makaranta ɗaya ce irinta ga dukkan lardunan Arewa, tana yaye 'yan ɗalibai ƙalilan a shekara, a daidai lokacin da makarantun mishan suka yi yawa a kudu. CMS Grammar School ta Legas tun 1859 take, shekara 62 kafin a fara karatu a Katsina. Da aka zo maganar mulkin kai a shekarun 1950, wannan tazara ce ta sa shugabannin Arewa suka riƙa cewa a dakata, ba su da isassun ma'aikata. Su kansu masu faɗin haka 'yan wannan makaranta ne, sun san yawan waɗanda suka zauna da su a aji.

Turawa sun so malamai masu biyayya, kuma sun sami wasu. Amma wanda aka koya wa karanta jarida ba a iya zaɓar masa shafin da zai karanta. Tsofaffin ɗaliban suka kafa ƙungiya a 1939, suka fara tattauna halin da ƙasa ke ciki. Sa'adu Zungur ya zama mai sukar mulkin mallaka da na gargajiya da waƙa da muƙala har rasuwarsa a 1958. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Makarantar da aka gina don ta tsare tsohon tsari ita ce ta fitar da masu tambayarsa.

BAYAN TASHI

A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, ta koma Kwalejin Kaduna. A 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, kuma a 1971 aka sa mata sunan da muka sani yau, Kwalejin Barewa. A can gidajen kwanan ɗalibai suna ɗauke da sunayen Clifford da Ɗan Hausa da Bello Kagara.

A nan akwai kuskuren da muke yawan gani a rubuce-rubuce, ya kamata mu kiyaye. Akan lissafo Aminu Kano da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad a ce duk a ginin Katsina suka yi karatu. Makarantar ɗaya ce, amma gine-ginen uku ne. Shagari a Kaduna ya yi, Aminu Kano ma a can ya kammala, Gowon da Murtala kuwa a Zariya. Cikin waɗanda suka shugabanci Nijeriya, Tafawa Ɓalewa ne ya zauna a ɗakunan ƙasa na Katsina. Ginin ya yi aikin kwalejin shekara 17 kacal, daga 1921 zuwa 1938.

A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa da doka ta hana a rusa. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Wannan ne ya cece shi. Da ba haka ba, da wuya ya tsira daga abin da ya sami ganuwa da ƙofofi da tsofaffin soraye a biranenmu, inda ake rushe na ƙasa a kafa na bulo a ce an yi gyara.

Su kuma makarantun Midil sun yi ta sauya suna. A shekarun 1950 da yawansu suka koma sakandaren lardi. Ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa, ta Zariya ita ce Alhudahuda. A 1976 aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE, azuzuwa suka cika maƙil. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu, ya ba mu ƙaramar sakandare ta shekara uku. A 1999 shirin UBE ya zo ya haɗa ta da firamare a matsayin ilimin tushe na shekara tara. Ƙofar da ta kasance ta mutum ƙalilan ta buɗe wa 'ya'yan kowa, mata da maza. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai mun san irin ginin da yawancinmu muka tarar: bulo mai yashi da yawa, kwanon da iska ta yaye, tagar da ba murfi, aji ɗaya yara sun fi ƙarfin malami. Ginin ƙasa na 1921 yana tsaye, wasu na simintin da ba su kai shekara ashirin ba sun tsage.

AIKIN DA KE GABANMU

Mun san wannan duka a kan Kwalejin Katsina ne saboda an rubuta. Sardauna ya ba da labarin zamansa a can cikin littafin tarihin rayuwarsa na 1962, Imam ma ya bar nasa, Turawa sun ajiye rajista da rahotanni. To makarantar da kowannenmu ya yi fa? Wa ya ba da filin? Gonar wa ce a da? Wace shekara aka aza harsashi, kuma da kuɗin wa, na gwamnati ko na karo-karon mutanen gari? Wane ne shugaban farko? Wace ce yarinya ta farko da aka rubuta sunanta a rajista, kuma wa ya shawo kan mahaifinta? Wane ɗaki ne ya fara ruftawa, wa ya gyara?

Amsoshin suna nan a raye, amma ba za su daɗe ba. Suna bakin tsohon maigadi, da malamin da ya yi ritaya yana zaune a ƙofar gida, da mai unguwa, da matar da ta shekara talatin tana sayar da awara a bakin get. Suna cikin rajistar da ke cikin kabad ɗin ofishin shugaba, in gara ba ta riga mu ba. Sau da yawa muna ƙorafin ba mu da abin rubutawa, sai mu ɗauki jarumanmu mu kai su Dubai da Landan, garuruwan da ba mu taɓa takawa ba, alhali ajin da muka zauna shekara uku ba wanda ya taɓa rubuta shafi ɗaya a kansa.

Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya koma ƙaramar sakandaren da ya yi, ko wadda ta fi kusa da shi. Ya nemi izini, ya zagaya ginin, ya duba ko akwai allon da aka rubuta ranar buɗewa. Ya zauna da dattijo aƙalla ɗaya, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya saurara. Abin da mutum biyu suka tabbatar a rubuta shi a matsayin tabbas. Abin da mutum ɗaya ya faɗa a ce shi ya faɗa. Kada a ƙara gishiri, kada a ƙirƙiri shekara. Shafi biyu sun isa. Wanda ke Katsina ko zai ratsa ta can, ya daure ya shiga tsohuwar kwalejin ya taɓa kaurin bangon da hannunsa, ya dawo ya ba mu labari.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, da waɗanda suka yi karatun da waɗanda suka yi yaɓen. Sai mun ga rubuce-rubucenku.